ISMA'ILA MABO: ƊAN MAKARANTAR DA YA KARYA LAGON GANA

Daga Maiduguri

Ran Litinin 13 ga watan Maris, 2023, Allah ya yi wa Alhaji Isma'ila Mabo rasuwa a Jos, yana da shekara 78 a duniya. Labarin bai yi ƙarar da ta kamace shi ba, domin ya faɗo ne a tsakanin zaɓe biyu: an gama na Shugaban Ƙasa ran 25 ga Fabrairu, ana jiran na gwamnoni ran 18 ga Maris, ga kuma jama'a suna layi a bakin bankuna suna neman takardar Naira. A nan Maiduguri kuwa hankali yana wani wurin dabam, don mako biyu ke nan da gobara ta cinye Kasuwar Monday. Saboda haka jaridu suka ba da labarin a taƙaice, suka ce tsohon mai horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Nijeriya ya riga mu gidan gaskiya, aka wuce.

Abin da suka faɗa gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Tun kafin a haifi 'yan matan da ya horar, Isma'ila Mabo ya riga ya yi suna a ƙasar nan yana ɗan makaranta, a zamanin da ƙwallon makarantu ke cika fili kamar ranar hawan Salla. Shi da abokansa na Jos suna cikin waɗanda suka fara wanke wa Nijeriya fuska a gaban Gana. Wannan kashin na tarihinsa shi ne ya fi shafar iyaye da malaman makarantun Barno a yau, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

GARIN KUZA

An haife shi a Jos a shekarar 1944. Jos ta wancan lokaci garin kuza ce, kuma kuza ta tara mutane daga kowace kusurwa. Bahaushe da Babarbare sun zo fatauci da aikin haƙa, Ibo da Yarbawa sun zo aikin akawu da kanikanci da jirgin ƙasa, ga Birom da sauran 'yan ƙasa, ga Turawan kamfani da na mishan da makarantunsu. Yaran waɗannan mutane duk a fili ɗaya suke buga tamaula, kuma Hausa suke yi wa juna in sun fita, ko mene ne harshen da ake yi a gidajensu. Sanyin garin ma ya taimaka, don yaro yana iya yini yana gudu a Jos yadda ba zai iya ba a Yerwa cikin watan Afrilu.

A wancan zamani akwai ƙungiyar da ake kira Academicals, watau zaɓaɓɓun 'yan wasa daga makarantun sakandare da kwalejoji. Kowace makaranta ta fid da gwanayenta, a tace su a lardi, a sake tacewa a jiha, sa'an nan a haɗa ƙungiya guda ta ƙasa. Babban abin da ake shirya ta dominsa shi ne karawa da takwararta ta Gana, wasa ɗaya can, ɗaya nan. Daga Jos aka ɗauki samari huɗu waɗanda sunansu bai ɓace ba har yanzu a bakin dattawa: Isma'ila Mabo, da Sam Garba Okoye, da Peter Anieke, da Tony Igwe. Mabo ɗan baya ne, mai tsare tsakiyar gida.

Mai karatu zai lura cewa a lokacin Mabo ya haura shekara 21. Kada wannan ya ba shi mamaki. A Arewa ta wancan zamani yaro yakan fara da makarantar allo, ba a kai shi boko sai ya yi wayo sosai, har akan ga mai gemu a aji huɗu na sakandare. Ba wanda ya ga aibin haka, kuma ba wanda ya rage wa kowa shekaru a takarda, don gasar ta 'yan makaranta ce, ba ta 'yan ƙasa da shekara kaza ba. Cutar rage shekaru daga baya ta shigo.

ANKARA, 1966

Wanda bai san yadda Gana ta riƙa gasa wa Nijeriya aya a hannu ba, ba zai gane nauyin abin da ya faru a 1966 ba. A shekarar 1955 babbar ƙungiyar Nijeriya ta je Ankara, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, aka zuba mata ci 7 ba ko ɗaya. Bayan samun mulkin kai Shugaba Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo tamkar aikin gwamnati, ya zuba kuɗi, Black Stars suka ci Kofin Afirka a 1963, suka sake ci a 1965. Duk ƙungiyar Nijeriya da za ta je Ankara, addu'ar da ake mata ita ce Allah ya sa cin ya zo da sauƙi.

A cikin watan Fabrairu na 1966 Academicals suka je, suka ci Gana 1 da nema a gidanta. Da aka dawo Ikko suka ƙara mata, 2 da 1. Masu bin tarihin ƙwallo suna ƙirga nasarar Ankara a matsayin karo na farko da wata ƙungiya mai ɗauke da tutar Nijeriya ta ci Gana a wannan birni. Abin da manya suka yi shekaru suna nema, 'yan makaranta suka kawo.

Sai a dubi lokacin da abin ya faru. Wata guda ke nan da juyin mulkin 15 ga Janairu, wanda aka kashe Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshi, cikinsu har da ɗan Barno, Birgediya Zakariya Maimalari. Arewa tana cikin makoki, zukata sun fara rabuwa. Ita ma Gana kwanakinta na zaman lafiya a ƙirge suke, don ran 24 ga wannan watan soja suka tumɓuke Nkrumah. A cikin wannan hali ne Mabo da Okoye da Anieke da Igwe suka sa riga iri ɗaya. Kafin shekarar ta ƙare tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, har da Jos, dubban Ibo suka bar garuruwan da aka haife su, a 1967 kuma yaƙin basasa ya soma.

Duk da haka samarin Jos ba su bar yi wa Nijeriya wasa ba. Anieke da Igwe suka koma Ikko, suka shiga Stationery Stores, ƙungiyar marigayi Israel Adebajo, wadda ta ci Kofin Ƙalubale a 1967 da 1968. Da aka je wasannin Olimfik na Meziko a 1968, ana tsakiyar yaƙi, su biyun da Sam Garba suna cikin tawaga. Japan ta ci Nijeriya 3 da 1, Sam Garba ne ya ci ɗayan. Sifen ta ci 3 da nema. Amma a wasa na uku Nijeriya ta zuba wa Barazil uku kafin hutun rabin lokaci, Kenneth Olayombo biyu, Anieke ɗaya, sai daga baya Barazil ta farke aka tashi 3 da 3. Shekara biyu kacal tsakanin filin makaranta da wannan fage.

Shi Mabo a gida ya zauna. An kira shi babbar ƙungiyar ƙasa, Green Eagles, ya buga mata a Barazabil a watan Nuwamba na 1970, a wasan neman shiga gasar Kofin Afirka da ƙasar Kwango. Amma inda ya yi dogon zama, inda kuma jama'a suka san shi, shi ne Mighty Jets ta Jos.

KOFIN DA YA ƘI HAWA DUTSE

Attajirin nan Alhaji Isiyaku Ibrahim shi ya kafa Mighty Jets a 1970, ya tattara gwanayen Jos wuri ɗaya. Ga Mabo a baya, har ya riƙe kyaftin, ga Sam Garba a gaba, ga 'yan gidan Atuegbu, 'yan'uwan juna huɗu. Da aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a 1972, Jets ce ta fara ɗauka. Wannan suna ba mai ƙwace mata shi.

Sai dai a wancan zamani lig ba ita ce ke gaban mutane ba. Kofin Ƙalubale, wanda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, shi ne sarkin kofuna, shi ake rufe kanti a taru a gindin rediyo dominsa. Kano ta ɗauke shi a 1953, ta zama gari na farko da ya fitar da shi daga Ikko. Jos kuwa tun 1951 take kai wa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana, sau bayan sau, har abin ya zama zancen gari. Wasu suka ce baki ne aka yi wa garin, wasu suka ce alƙalan wasan Ikko ne ba sa son kofin ya hau dutse.

Wasan ƙarshe na 1972 shi ya fi ci wa mutanen Jos rai. A filin Onikan na Ikko suka haɗu da Bendel Insurance ta Binin, ƙungiyar da Gwamna Samuel Ogbemudia ke riƙe da ita kamar 'yarsa. Insurance ta yi gaba da ci biyu, 'yan kallo sun fara kama hanya, sai Sam Garba ya farke duka biyun gab da tashi. Gardama ta kaure a kan alƙalancin wasan, wadda har yau in tsofaffin 'yan kallo biyu suka haɗu ba su gama ta ba. Aka mai da wasan filin Liberty na Badun, karo na farko da aka yanke hukuncin kofin a wajen Ikko, Insurance ta ci 3 da 2. A 1974 Jets ta sake kai wa ƙarshe, Rangers ta Inugu ta ci ta 2 da nema.

A nan ne labarin ya ratso ta Maiduguri, kuma mutanen Barno suna da abin yi wa na Filato ba'a, irin ta abokan tafiya, tun da dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1964. El-Kanemi Warriors, wadda aka kafa a 1986, ba ta kai shekara shida ba ta ɗauki kofin da Jos ta yi shekara arba'in tana bi. A 1991 ta ci Kano Pillars 3 da 2, a 1992 ta ci Stationery Stores 1 da nema. Jos ta ci gaba da shan wuya: BCC Lions ta Gboko ta ci Plateau United a wasan ƙarshe na 1993, Wikki Tourists ta Bauci ta ci ta a bugun fanareti a 1998. Sai a 1999 Plateau United ta ci Iwuanyanwu Nationale 1 da nema, kofi ya hau dutse bayan shekara 48. Abin sha'awa, a wannan shekarar ce shi ma Mabo ya kai ƙololuwar aikinsa, amma a wata nahiya, da wata ƙungiya da ba wanda ya taɓa zaton zai riƙe.

Kafin nan abokan tafiya sun watse. Tony Igwe da Andrew Atuegbu sun tafi Amurka, ƙwallo ta samar musu gurbin karatu a Jami'ar San Francisco, wadda ta ci gasar jami'o'in Amurka a 1975 da 1976 da taimakon ƙafafun 'yan Jos. Aloysius Atuegbu ya koma Rangers, yana cikin waɗanda suka ci Kofin Afirka a Ikko a 1980. Sam Garba kuwa, wanda tsofaffi ke rantsuwa ba su ga mai yanka kamarsa ba, haɗarin mota ya yi ajalinsa a 1978, bai daɗe da haura shekara 30 ba.

MALAM DA 'YAN MATA

Bayan ya rataye takalmi Mabo ya shiga aikin horarwa, har aka damƙa masa Super Falcons, ƙungiyar mata ta ƙasa. A lokacin wannan ba muƙami ba ne da ake rububi a kai. Kuɗi da suna duk suna wajen maza, waɗanda suka ci Kofin Afirka a 1994 da zinariyar Olimfik a Atlanta a 1996. Su mata sun je gasar duniya sau biyu ba su ci wasa ko ɗaya ba. A Sin a 1991 an ci su wasa uku ba su jefa ƙwallo ko ɗaya a raga ba. A Suwidin a 1995 Norwe ta zuba musu 8 da nema.

Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. Mutumin Musulmi ne ɗan Arewa, daga al'ummar da yawancin iyaye ba za su bar 'yarsu ta sa gajeren wando ta shiga fili ba. 'Yan wasansa kusan duk daga Kudu suke, daga Warri da Fatakwal da Ikko da ƙasar Ibo. Ya riƙe su kamar uba, su ma suka ɗauke shi haka, ba a kuwa ji ya bar addininsa ko garinsa saboda aikin ba.

Gwajinsa na farko shi ne gasar mata ta Afirka da aka yi a Kaduna da Abekuta a watan Oktoba na 1998. Falcons suka buga wasa biyar, suka ci ƙwallo 28, ba a jefa musu ko ɗaya ba. Maroko ta sha 8, Kwango da Masar da Kamaru kowace ta sha 6. A wasan ƙarshe wa aka samu? Gana. Aka ci ta 2 da nema. Mai tsaron baya ya gina ƙungiya irin tasa, wadda ba a ratsa ta.

Sai gasar duniya ta 1999 a Amurka. Ran 20 ga Yuni a Pasadena suka ci Koriya ta Arewa 2 da 1, Mercy Akide da Rita Nwadike suka ci, nasara ta farko ke nan da matan Nijeriya suka taɓa samu a gasar duniya. Kwana huɗu bayan haka suka gamu da masu masauki a Chicago, gaban 'yan kallo fiye da 65,000. Nkiru Okosieme ta jefa ƙwallo a ragar Amurka cikin minti na 2, filin ya yi tsit. To, ashe tsokanar zaki aka yi. Kafin hutun rabin lokaci an ci 6 da 1, aka tashi 7 da 1. Wata ƙungiyar da daga nan ta karaya, amma ran 27 ga wata suka ci Denmak 2 da nema, Akide da Okosieme, suka shiga zagayen ƙungiyoyi takwas.

Wasan da aka yi da Barazil ran Alhamis 1 ga Yuli a Landover, kusa da Washington, shi ne wanda ya kamata a riƙa nuna wa yara. Cikin minti 35 na farko Barazil ta ci uku. Mabo ya fid da mai tsaron gida Ann Chiejine, wadda ita ce ginshiƙin ƙungiyar, ya sa Judith Chime, shawarar da ba kowane mai horarwa ke da zuciyar yankewa ba. Da aka dawo daga hutu sai wasa ya juya. Prisca Emeafu ta ci a minti na 63, Okosieme ta ƙara a na 72, Nkechi Egbe ta farke na uku a minti na 85. Minti biyu bayan haka aka kori Patience Avre, Nijeriya ta shiga ƙarin lokaci da mutum goma. A wancan zamani dokar ita ce duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci ya gama. A minti na 104 Sissi ta Barazil ta buga bugun tazara ta jefa a raga, aka tashi 4 da 3. Shekara 31 da suka wuce abokansa sun ci Barazil uku ta farke a Meziko, ga shi yanzu Barazil ta ci uku 'yan matansa sun farke.

Don a yi adalci, ƙungiyoyi 16 ne kawai a gasar 1999, saboda haka daga rukuni sai zagayen takwas, babu tsanin da ake hawa a tsakani kamar yanzu. Amma duk da haka, har yau babu wata ƙungiyar mata daga Afirka da ta sake kai wa wannan matsayi a gasar duniya. Falcons na 2023 sun yi kusa, sun ci Ostareliya mai masauki 3 da 2, sa'an nan Ingila ta fitar da su a bugun fanareti a Brisbane ran 7 ga Agusta, wata biyar bayan an binne Mabo.

Sakamakon 1999 shi ya ba Nijeriya gurbi a Olimfik na Sydney a 2000, inda aka ci ta wasa uku, kowanne 3 da 1. A ƙarshen wannan shekarar Falcons suka riƙe kambunsu na Afirka a Afirka ta Kudu, a wasan da 'yan kallo suka tayar da jifa Nijeriya tana gaba da ci 2. A Olimfik na Atina a 2004 Mabo ya sake kai su zagayen takwas bayan sun ci Japan 1 da nema. Akide ta fara cin Jamus, zakarun duniya na lokacin, kafin Jamus ta farke ta ƙara.

Hanyar da ta kai Igwe da Atuegbu San Francisco ita ce ta buɗe wa 'yan matansa. Bayan 1999 Mercy Akide da kyaftin Florence Omagbemi suka sami gurbin karatu a Kwalejin Milligan ta jihar Tennessee. Akide ta zama mace ta farko da aka naɗa gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka a 2001. Omagbemi ta dawo ta horar da Falcons, ta ci Kofin Afirka a Kamaru a 2016.

INA FILAYEN MAKARANTU?

Tambayar da rayuwar Mabo ta bar wa Maiduguri ita ce: in yau aka haifi irinsa a Gwange ko Bulunkutu ko Hausari, ta wace ƙofa zai fito? Ƙofar da shi ya bi a bayyane take, kuma ba shi kaɗai ya bi ta ba. Christian Chukwu, wanda ya ɗaga Kofin Afirka a 1980, daga Academicals na Jihar Gabas ta Tsakiya ya fito. Segun Odegbami ɗan Kwalejin St. Murumba ta Jos ne, ya yi karatun injiniya a Badun yana buga ƙwallo. Adokiye Amiesimaka yana ɗalibin lauya a Jami'ar Ikko ya shiga Green Eagles. Stephen Keshi da Henry Nwosu 'yan Kwalejin St. Finbarr's ne ta Ikko. A lokacin malamin wasanni mutum ne mai daraja a makaranta, shugaban makaranta kuma yana alfahari da kofi kamar yadda yake alfahari da sakamakon jarrabawa.

Amfanin wannan tsari shi ne yaro yana da abu biyu a hannu. In ƙafa ta karye, takarda tana nan. Yanzu kuwa hanyar ta koma hannun masu kulob na unguwa da dillalai, waɗanda abin da ke gabansu shi ne su fitar da yaro waje ko ta halin ƙaƙa, kuma sau da yawa sai yaron ya bar aji kafin a dube shi. Makarantu masu zaman kansu da suka cika garuruwa, da yawansu gidan haya ne mai bene, ba su da filin da za a yi ko langa. Na gwamnati masu fili kuwa, an yanka wani a yi shaguna, wani ciyawa ta cinye. Gasar Kofin Ramat da ake yi wa matasa a Kano tana nan tana ƙoƙari, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta sake ta da gasar Kofin Shugabannin Makarantu, amma gasa ta 'yan kwanaki a shekara ba za ta maye gurbin malamin da ke fitowa da usur kowace la'asar ba.

Barno tana da nata uzurin da ya fi na kowa nauyi. A watan Maris na 2014 gwamnatin jiha ta rufe makarantun sakandare saboda hare-haren Boko Haram, wata guda kafin a sace 'yan matan Chibok. Manyan makarantun Maiduguri suka zama sansanin 'yan gudun hijira, filayen ƙwallo suka cika da tantuna, El-Kanemi Warriors kanta ta yi hijira tana buga wasanninta na gida a wasu garuruwa. Yaran da ya kamata a gani suna aji biyu a wancan lokaci sun girma ba wanda ya gan su. Da aka fara farfaɗowa kuma, sai madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shafe rabin gari, makarantu suka sake zama mafaka.

Duk da haka garin yana da abin da Jos ta 1960 ba ta da shi. Ga Jami'ar Maiduguri tun 1975, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, ga Kwalejin Ilmi ta Kashim Ibrahim, ga Kwalejin Gwamnati da sauran tsofaffin makarantu masu filaye, ga gine-ginen makarantu sababbi da aka yi wa marayu. Yara kuwa ba a maganarsu, duk lungun da aka leƙa da yamma za a ga ana buga ƙwallo da duwatsu biyu a madadin raga. Abin da ya rage ƙarami ne in aka gwada shi da kuɗin gini: malamin wasanni mai albashi, da gasa tsakanin makarantu mai ranar farawa da ranar gamawa, da sharaɗin cewa wanda ba ya zuwa aji ba zai sa riga ba. Ma'aikatar Ilmi da Hukumar Wasanni ta jiha in suka zauna tebur ɗaya za su iya gama wannan kafin a sha shayi biyu.

Batun 'yan mata kuwa ya fi wannan wuya, kuma ba a warware shi da gatse. Iyaye suna da damuwarsu game da sutura da cuɗanya, damuwar kuma ba ta banza ba ce. Sai dai tun 2014 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta duniya ta halatta wasa da lulluɓin kai, a gasar duniya ta 2023 kuma an ga 'yar Maroko, Nouhaila Benzina, ta buga da hijabinta. A makarantar 'yan mata zalla, da malama mace, abin da ke hana wasan ya ragu ƙwarai. Su Falcons ɗin da Mabo ya kafa wa tushe, a watan Yuli na 2025 suka ci Kofin Afirka karo na 10 a Rabat, bayan Maroko ta yi gaba da ci biyu suka farke suka ƙara. Gwamnatin Tarayya ta yi wa kowace 'yar wasa alkawarin kwatankwacin Dala 100,000 da gida da lambar girma. Da wuya a sami gida a Barno da wannan alheri ya shiga.

Peter Anieke ya rasu a 2015, Aloysius Atuegbu tun 2008. Mabo ya ga rikicin Jos na 2001 da na 2008 da na 2010, ya ga unguwannin da ya buga tamaula a cikinsu sun rabu gida biyu, bai kuwa bar garin ba har aka yi masa sutura a can. Wata 15 bayan rasuwarsa, ran Asabar 29 ga Yuni, 2024, El-Kanemi Warriors ta koma Onikan, filin da aka yi gardamar 1972, wanda yanzu ake kira da sunan Mobolaji Johnson. Ta ci Abia Warriors 2 da nema, Nasiru Salihu ya ci duka biyun, kofin ya zo Maiduguri karo na uku. Allah ya jiƙan Alhaji Isma'ila Mabo, ya sa Aljanna ce makomarsa.